Gwiwar Kawu da matakala 200 na kogon Clearwater

Asalin lamarin, watan Yuni

Kawuna ne, yayan mahaifiyata, shekararsa 61, yana zaune a Tudun Wada nan Kaduna. Malamin jogirafi ne a sakandare har ya yi ritaya, shekara 30 da ɗoriya yana riƙe da alli. Ba zan faɗi sunansa ba don bai ce a faɗa ba, amma shi da kansa ya miƙo min ɗan littafin da ya dinga rubuta komai a ciki, kun san halin malamai, ko tari ya yi sai ya sa kwanan wata.

Babban ɗansa ya gama digiri na uku a wata jami'a a Sarawak, ɓangaren Malesiya da ke tsibirin Borneo, aka sa bikin yaye su a watan Nuwamba. Yaron ya ce Baba ka zo, ni zan biya tikiti. Kawu ya ce zai zo amma da sharaɗi, sai an kai shi Mulu, wani gandun daji mai kogunan dutse a can Sarawak. Dalilinsa kuwa, duk shekara yana zana wa ɗalibai kogon dutsen farar ƙasa a allo, ya zana tsinin da ke saukowa daga rufi da wanda ke tasowa daga ƙasa, ya ce su haddace sitalaktayit da sitalagmayit, alhali shi ma bai taɓa sa su a ido ba. Duwatsunmu na nan irin su Kufena da na Kajuru ƙanƙara ne masu tauri, ruwa ba ya cin su haka. Dutsen farar ƙasa sai ka je wajen Kalambaina a Sakkwato ko Ashaka a Gombe, can ma siminti ake yi da shi.

Matsalar ita ce jikin. Gwiwar dama ta lalace tun shekara shida baya, irin ciwon nan na zaizayar guringuntsi, har ya kai sallah ma a kujera yake yi. Ga ciwon suga, yana shan metfomin da Daonil. Nauyinsa kilo 91. Mafi nisan tafiyarsa a rana daga gida zuwa masallaci ne, bai fi mita 300 ba.

Abinda ranar ta ƙunsa

Gandun dajin Gunung Mulu yana cikin wuraren tarihi na duniya na UNESCO tun 2000. Mota ba ta kai ka, jirgi ake hawa ƙarami daga garin Miri na Sarawak, wajen minti 30. Kogo huɗu ne aka gyara wa baƙi, Wind da Clearwater da Lang da Deer, kuma ba a shiga ko ɗaya sai da ɗan jagora na gandun. Yawancin mutane kwana biyu suke raba su, amma su Kawu kwana biyu kacal za su yi a wajen gaba ɗaya, ranar isa da ranar fita duk na jirgi ne, sai ya zama cikakkiyar rana ɗaya ce a hannunsu, huɗun duk a ciki.

Da safe kwale-kwale mai inji a kogin Melinau zuwa Wind da Clearwater, kuma kafin ka ga bakin Clearwater sai ka hau matakala 200, ban da waɗanda ke ciki. Da rana a dawo a ci abinci, sai a taka gadar katako ta cikin daji wajen kilomita 3 zuwa Lang da Deer, a zagaya ciki, a zauna jiran fitowar jemagu da yamma, sannan a sake tako kilomita 3 ɗin cikin duhu. Ɗansa ya lissafa, ya ce tafiyar ƙafa za ta kai kilomita 9 ko 10, daga ƙarfe tara saura na safe zuwa bakwai na dare. Ga zafi mai gumi, don ruwan da ake yi a can a shekara ya ninka na Kaduna sau uku ko fiye.

Saura mako 19 a lokacin.

Yuli: kyamis, man zafi da zagayen fili

Kawu ya fara da abinda kowa ke farawa da shi. Ya aiki yaro kyamis aka haɗo masa maganin ciwo diklofenak, safe da dare, ga man zafi da wani abokinsa ya kawo daga kasuwa wai na kitsen damo. Sai ya ce min ni ne ɗan rakiya, kullum bayan asuba in ɗauke shi a mashin zuwa Dandalin Murtala mu zaga.

Makon farko kilomita 1 yake yi ya zauna. Mako na uku ya kai 4. Zafin gwiwa da yake ba wa maki 7 cikin 10 ya sauko 4, ya rubuta a littafi da jan biro har da ja masa layi biyu.

Ranar 22 ga Yuli muna zagaye na ƙarshe sai ya tsaya ya dafa ni, gumi kamar an watsa masa ruwa, hannu na rawa, yana magana ba ta fita daidai. Na zaunar da shi na sayo lemon kwalba wajen mai shago, bayan minti kamar 15 ya dawo hayyacinsa. Da muka je gida aka gwada, suga 4.4, wato bayan lemon ma kenan. Ashe ya sha Daonil ɗinsa da asuba bai karya ba, wai tafiya da ciki wayam ta fi rage ƙiba, haka aka tura masa a WhatsApp. A makon nan kuma ya fara kukan ƙwannafi da zafin ciki da dare, da aka auna jini a kyamis ya hau 158/94, shi da bai saba wuce 135 ba.

9 ga Agusta: gwajin bene

Ɗansa ne ya turo saƙon murya daga can ya ce duk wannan zagayen fili ne, a gwada Baba a matakala. Akwai wani bene mai hawa uku na shaguna kusa da inda nake aiki, na ƙirga, matakala 60 ne daga ƙasa zuwa sama. Na roƙi maigadin ya bar mu ranar da babu mutane.

Hawa na farko ya yi shi cikin minti 4, da tsayawa sau biyu. Saukowa ce ta zama aiki. A matakala ta 25 gwiwar ta lanƙwashe masa, da bai riƙe ƙarfen gefe ba da labari ya sha bamban. Sauran ya sauko su ne a kaikaice yana jingine da kafaɗata, minti 11. Washegari gwiwa ta kumbura tim, kwana biyar bai je masallaci ba. A littafin ranar abinda ya rubuta kawai, 60 cikin 200, an faɗi.

Matarsa ta ce a haƙura da maganar kogo, ya je ya ga bikin ɗansa ya dawo. Ya ce mata to, amma ni ya kira ni da dare ya ce, “Gobe ka zo ka kai ni asibiti, kar ka gaya wa Hajiya dalili.”

Tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen Oktoba: sabon tsari

Likitan da ke duba masa suga ta fara da dakatar da diklofenak ɗin sha, ta ce irin maganin nan yana cin ciki, yana ɗaga hawan jini, kuma mai suga da ƙodarsa ke cikin haɗari dama bai kamata ya maida shi abincin kullum ba. Ta bar masa farasitamol da na shafawa. Ta yi masa bayanin cewa metfomin shi kaɗai da wuya ya faɗar da suga ƙasa, Daonil ne ke yin haka, musamman in an sha ba a ci ba kuma aka motsa jiki. Ta ce duk ranar doguwar tafiya ya rage shi zuwa yadda ta rubuta masa, ya ci abinci kafin ya fita, in ya gwada ya ga ƙasa da 3.9 ya sha abu mai zaƙi nan take ya jira minti 15 ya sake gwadawa. Sannan ta tura mu wajen masu gashin ƙashi, fiziyo.

Shi na fiziyon saurayi ne, da ya ji labarin kogo sai da ya yi dariya, ya ce, “Baba ai ba gwiwar za mu gyara ba, cinyar za mu gina.” Bayaninsa shi ne a saukowa naman gaban cinya ne ke riƙe nauyin mutum kamar birki, in ba shi da ƙarfi duk nauyin a kan gaɓar yake sauka, kuma shekara shida na lallaɓa ƙafar dama sun tsotse cinyar, da ya sa tef ya auna ta gaza ta hagu da santimita 3. Tafiya a fili ba ta taɓa wannan naman sosai.

Abinda ya ba shi ba wani abin azo a gani ba ne. Tashi da zama daga kujera ba tare da dafa hannu ba, sau 10, zagaye uku. Ɗaga ƙafa a miƙe yana kwance. Hawa da sauka a kan bulo ɗaya a tsakar gida, a hankali, yana ƙirga uku kafin ƙafa ta taɓa ƙasa. Sai ƙa'idar matakala, in za ka hau lafiyayyar ƙafa ce gaba, in za ka sauka mai ciwon ce gaba, matakala ɗaya ƙafa biyu. Da sanda, a hannun hagu tunda dama ce mai ciwo. Nan aka ɗan yi daru don Kawu ya ce shi bai tsufan riƙe sanda ba, sai da ɗansa ya turo hotunan Turawa matasa da sandunan hawan dutse sannan ya yarda.

Mun koma benen nan ranar 6 ga Satumba, hawa ɗaya sauka ɗaya, ba kumburi. Daga nan duk mako biyu muna ƙara zagaye ɗaya. 18 ga Oktoba ya yi zagaye huɗu, matakala 240 sama 240 ƙasa, cikin minti 38, zafi maki 5, washegari ya je masallaci da ƙafarsa. Zagayen fili kuma mun maida shi ƙarfe goma na safe don ya saba da rana, ya tsaya a kilomita 6. Sau ɗaya muka gwada 8, kwana biyu yana jinya, ba mu sake ba. Nauyi ya sauko 87.

A tsakiyar wannan an yi wani ɗan kuskure. Na sayo masa sabon takalmin hawan dutse a gwanjo a Kasuwar Barci, mai tauri, da kuɗina ma, ina ganin na yi abin kirki. Kwana biyu da sawa ya yi masa bororo a diddige, shi bai ma ji ba don ƙafar mai suga ba ta cika jin zafi ba, Hajiya ce ta gani yana alwala. Kwana 9 ba a fita ba har ya warke. Aka koma tsohon kambas ɗinsa da safa mai kauri, takalmin yana nan a ɗakina har yau.

Tafiya, daga 3 ga Nuwamba

Na kai shi tashar jirgin ƙasa ta Rigasa, daga Abuja ya bi ta Doha zuwa Kuala Lumpur, sannan Sarawak, inda ake sake buga fasfo ko da daga cikin Malesiyar ka fito. Agogonsu yana gaban namu da awa 7, likita ta riga ta rubuta masa yadda zai matsar da lokacin magani. An yi biki lafiya. Daga nan zuwa ƙasa abinda zan faɗa daga littafinsa ne da bakin ɗansa, ni ina Kaduna ina jiran saƙo.

A jakar bayan ɗan akwai na'urar gwada suga, dabino, alewa, ruwa lita biyu, tocila, rigar ruwa. Tun a ofishin gandun suka gaya wa ɗan jagora halin da ake ciki, ya ce ba komai, su zauna a ƙarshen layi, shi zai dinga jira.

Ranar kogo, safe

6:30, suga 7.2, ya ci shinkafa da ƙwai. 8:45 suka shiga kwale-kwale. Abinda babu wanda ya lissafa shi ne zaman kwale-kwalen, kujerar ƙasa-ƙasa ce, gwiwa a naɗe kusan ƙirji, da suka tsaya a ƙauyen Batu Bungan na mutanen Penan inda ake sayar da kayan hannu sai da mutum biyu suka ɗago shi. Da suka iso kogon Wind ya leƙa ya ga shi ma hawa ne, ya tambayi ɗan jagora wanne ya fi, aka ce Clearwater ya fi girma, Wind ya fi ado. Ya ce to shi a wuce da shi gindin Clearwater ya miƙe ƙafa, ɗan ya shiga Wind ya ɗauko masa hoto. Minti 50 ya yi a rumfar katako bakin ruwa shi kaɗai.

11:05 ya fara hawa, 11:24 ya kai sama. Minti 19, tsayawa huɗu. Ya ce matakalan jiƙaƙƙu ne kuma ba su kai na benenmu daidaito ba, amma akwai abin riƙewa.

Shafi uku ya cika a kan abinda ya gani a ciki, har rubutun na karkacewa. Kogi ne sosai yake gudu a ƙarƙashin dutse, garau har kana ganin ƙasansa, kuma abinda aka auna na hanyoyin wannan kogon ya haura kilomita 200, baƙi ɗan bakinsa kawai suke gani. Ya ce wa ɗansa ka ga abinda nake faɗa muku, ruwan sama ya kwashi iskar kabon daga sama da ruɓaɓɓen ganye ya zama ɗan tsami-tsami, ya bi tsagar dutse yana lasa, shekara dubbai kan dubbai, har tsaga ta zama ɗaki. Ɗan ya ce Baba har ɗan jagoran ya fara yi wa lacca, mutumin yana ta gyaɗa kai. A bangon ya ga wasu lotsa-lotsa kamar an kwashe da cokali waɗanda ruwa ya bari, ya ce wannan kam ba ta cikin littafin da ya koyar da shi.

Saukowa minti 27, ƙafar dama gaba, matakala ɗaya ƙafa biyu. Zafi maki 6. Suga 5.9.

Ranar kogo, yamma

Sun dawo masauki 1:20, fita ta biyu 2:30. A cikin wannan ɗan lokacin ya yi wanka, ya haɗa azahar da la'asar ƙasaru, ya ɗora ƙafa a filo, abincin kuma cokali biyar ya yi ya ture, ya ce zafi ya kashe masa ci. Ɗan bai matsa ba.

Gadar katakon shimfiɗaɗɗiya ce, awa ɗaya da minti 10 suka yi. Kogon Lang ƙarami ne, sunan wani mutumin ƙabilar Berawan ne da ya gano shi, kuma a nan ne ya ga tsinayen nan nasa na allo, na sama da na ƙasa, wasu har sun haɗe sun zama ginshiƙi, ruwa na ɗiga a tsinin. Ɗan ya ce ya daɗe tsaye a gaban ɗaya bai ce komai ba har rukuninsu suka yi nisa.

Deer kuma, wato kogon barewa, girma ne zalla. Tsawonsa ya kai kilomita 2, rufin ya haura mita 100, shi ake kira mafi girman hanyar kogo a duniya kafin a auna kogon Son Doong na Biyetnam a 2009. Jemagu miliyan biyu zuwa uku ne a rufin, kashinsu tsibi-tsibi a ƙasa, warin kamar shadda ta shekara, Kawu ya rufe hanci da hula. Bai kai ƙarshen hanyar ba, ya ga wurin da bakin kogon ke fitar da siffar fuskar Abraham Lincoln, tsohon shugaban Amurka, ya ƙara gaba kaɗan ya ce ya isa.

5:15 suna zaune a wurin kallon jemagu. 5:30 ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. In ana ruwa jemagun ba sa fitowa, ba su fito ba. Suka jira har 6:10 suka kamo hanya.

Wajen rabin hanya, cikin duhu, katako na santsi, Kawu ya fara jan ƙafa yana amsa magana da ƙyar. Ɗan ya zaunar da shi a wata rumfa ya gwada, 3.7. Alewa huɗu da dabino uku, bayan minti 15 ya koma 4.9, ya ƙara biskit. Suka ƙarasa 7:50, kusan su ne na ƙarshe. Jimillar tafiya a wayar ɗan kilomita 9.4.

Bayan dawowa

Gwiwa ta kumbura washegari, a filin jirgin Miri keken guragu aka tura shi, abinda ya hana a gaya wa Hajiya har yau, in ta karanta nan toh ta ji. Kwana huɗu kumburin ya sauka. Ƙafa ba bororo ko ɗaya. Ya dawo Kaduna 16 ga Nuwamba, jini 134/82, nauyi 87. Da muka koma fiziyo bambancin cinyar ya ragu zuwa santimita 1. Sallah har yanzu a kujera.

Yadda na ga abin

Mako biyar na farko asara muka yi, kuma laifin na kowa ne har da ni. Mun ji kilomita 10 sai muka kama ƙirga kilomita, alhali abinda zai iya hana shi ranar matakala ne, saukowar ma ba hawan ba. Diklofenak ɗin kuma ya rufe mana ido, maki ya sauko daga 7 zuwa 4 muna murna, gwiwar tana nan yadda take, ciki da jini ne suka biya kuɗin. Da ɗansa bai ce a gwada bene ba, a matakalar Clearwater za a gano, inda babu mashin babu asibiti kusa.

Abinda ya yi aiki bulo ɗaya ne a tsakar gida da kujera da sanda, mako 11, sai kuma barin kogon Wind. Wannan na biyun na fi ba shi nauyi fiye da yadda Kawu ke ba shi, don shi har yanzu yana cewa da ya shiga, ni kuma ina ganin minti 50 ɗin da ya miƙe ƙafa su ne suka sauko da shi matakala 200 lafiya.

Faɗuwar suga ta yamma ba ta da wani sirri, an rage magani kamar yadda likita ta ce amma an tsallake abincin rana, kuskuren 22 ga Yuli ne aka maimaita. Mun yi atisayen ƙafa har da na rana, ba mu taɓa gwada fita biyu a rana ɗaya da ɗan hutu a tsakani ba, da mun yi da mun san zafi na hana shi ci. Zaman kwale-kwale ma bai zo mana a rai ba, da ƙaramar kujerar tsakar gida ta mata ta isa a gwada. Kuma in da kuɗin ƙarin kwana ɗaya a Mulu, da an raba kogunan biyu-biyu yadda aka tsara su tun asali, da ya ga Wind, da kuma ya samu yamma ta biyu ta jiran jemagu.

Makon jiya ya je tsohuwar makarantarsa da hotunan a waya, ya ce shugaban ya ba shi aji ɗaya na minti 40, ya cinye 70.